Yadda Ake Raba wa Kowa Wurin Tsayuwa a Ƙwallon Ostireliya

A ƙwallon ƙafar da muka saba, fili ɗaya kusan ɗan'uwan ɗaya ne. A ƙwallon 'yan Ostireliya kuwa, kowane fili da halinsa. An rubuta dokokin wasan a Melbon a 1859, daga baya ya koma filayen kurket lokacin hunturu, kuma kowane filin kurket da irin ƙirarsa mai siffar ƙwai. Doka ta yarda tsawo ya kama daga mita 135 zuwa 185, faɗi kuma daga 110 zuwa 155. Mutum 18 ne kowane ɓangare, babu satar gida, kowa na iya tsayawa inda ya ga dama. Wannan 'yancin shi ne wahalar koci.

Na daɗe ina ɗaukar wa wata ƙaramar ƙungiyar unguwa gorunan ruwa a gefen Melbon, a nan na ga yadda ake aikin. Kocin namu mai gyaran famfo ne daga Litinin zuwa Juma'a. Irinsa ne suka riƙe wasan a unguwanni da ƙauyuka, abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, son abin ne kawai a jini.

Da farko a taka fili. Tun yara ba su gama ɗaure takalmi ba zai fita shi kaɗai, hannu a aljihu, yana ƙirga taku. Akwai baka da aka zana mita 50 daga kowane gol, akwai kuma murabba'i mai mita 50 a tsakiya. Ka haɗa su, 150 ke nan. Abin da ya rage tsakanin baka da murabba'i shi ne zai gaya maka tsawon fili ba tare da igiyar awo ba. A filin SCG na Sidni, mai tsawon kimanin mita 155, baka ta kusa taɓa murabba'i: wanda ya fito da ƙwallo daga tsakiya, bugu ɗaya ya kai ta bakin gol. A filin Geelong, mai kimanin 170, sai ya nemi bugu na biyu, ga shi kuma matsattse, faɗinsa bai wuce 115 da ɗan wani abu ba. MCG na Melbon, inda aka saba buga wasan ƙarshe, tsawonsa kimanin 160 ne amma faɗinsa ya kai 141. A filayen unguwa ma kada ka yarda da rubutun fenti, wani wurin an rubuta 50 alhali bai kai ba. Idan koci ya gama sai ya tsinko ciyawa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa.

Sai a tantance ƙafafu. Sauri iri-iri ne. Akwai mai fizga, wanda taku goman farko babu mai kama shi amma nan da nan ya huce. Akwai mai dogon numfashi, da zai yi ta safa da marwa har a tashi. Akwai kuma mai nauyin ƙafa wanda Allah ya ba kai. Manyan ƙungiyoyin AFL, babbar gasar ƙasar, suna auna matasa kafin su ɗauke su, da tseren mita 20 da na kilomita 2. Wanda ya yi mita 20 ƙasa da daƙiƙa uku, mai gudu ne. Joel Wilkinson, mai tsatson Najeriya, ya yi ta a daƙiƙa 2.75 a 2010. Kocin unguwa ba ya buƙatar agogo, ya ga kowa ranar Talata da Alhamis a wajen atisaye.

Daga nan a ɗauko farin allo mai ƙananan maganaɗisu, kowane ɗauke da sunan yaro. 'Yan tsakiya ba su da wuyar zaɓe, ƙarfi da numfashi ne. 'Yan gefe su ne fili ke sauya wa aiki. A fili mai faɗi, mai gudu da numfashi ake sawa, a ce masa ya riƙe bakin layi ko da ƙwallo tana can ɗaya ɓangaren, domin idan aka juyo da ita ya same shi shi kaɗai da sarari a gabansa. Doka ta ce mai gudu da ƙwallo ya buga ta a ƙasa duk mita 15, kuma duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na 2012 bai manta yadda Lewis Jetta na Sydney Swans ya keta gefen MCG yana dundura ta, Cyril Rioli na biye da shi bai cim masa ba. A matsattsen fili wannan sararin babu shi, sai a jawo ɗan gefe ciki ya ƙara hannu a turmutsutsu.

'Yan gaba kuma tsawo ne ke hukunta su. Idan fili dogo ne, a turo su sama a bar fegi a bayansu, a buga ƙwallo ta wuce kansu, su juya su yi tsere da 'yan baya zuwa gol. Koci Denis Pagan ya yi suna da wannan dabara a North Melbourne a shekarun 1990, yana share wa ɗan gabansa Wayne Carey wuri, suka ɗauki kofi a 1996 da 1999. Idan gajere ne, ƙato mai ƙarfin cafke ƙwallo ya zauna kusa da sanduna, ƙwallo za ta zo ta same shi. Tony Lockett, wanda ya fi kowa cin gol a tarihin gasar da 1,360, a SCG ya karya tarihin a 1999. Tun 2019 dai dole kowace ƙungiya ta tsaya shida a baya, shida a tsakiya, shida a gaba duk lokacin da za a tayar da wasa daga tsakiya. Da zarar ƙwallo ta tashi, kowa ya nufi inda aka tsara masa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake gane gwani shi ne tsayuwar 'yan baya.

Ka ɗauki kowane ɗan baya tamkar akuyar da aka ɗaure a turke. Turken shi ne ɗan gaban da yake tsaro, igiyar kuwa ita ce nisan da zai iya barinsa ya je ya toshe wani gurbi, ya kuma dawo kafin ƙwallo ta sauko. A wannan wasa, wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nisan mita 15 ko fiye, an ba shi damar bugu ba mai taɓa shi. Idan ya cafe a cikin baka, maki shidan gol na hannunsa. Saboda haka taku ɗaya na kuskure tsada gare shi.

Abu na farko, ta wane ɓangare za ka tsaya? Idan ka fi mutuminka gudu, tsaya gabansa, ka ba shi kafaɗa, ido ɗaya a kansa ɗaya a kan ƙwallo. In an bugo gajere kai za ka riga shi, in an wuce da ita ta kanka ƙafarka za ta fisshe ka. Idan shi ya fi ka gudu, kada ka kuskura. Koma bayansa ta ɓangaren gol, ka matsa ta ciki, damtsenka na gogar bayansa don ka ji motsinsa kafin ka gan shi. Ka bar masa hanya ɗaya tak, ta bakin layi. Ya je can ya cafe, daga wannan kusurwa sandunan da ke da ratar mita 6.4 sai su koma kamar an matse su, galibi maki ɗaya zai samu.

Abu na biyu, tsawon igiyar. Ba gudunka kaɗai ke yanke shi ba. Ƙwallon da aka ɗaga sama daga nesa takan yi kusan daƙiƙa uku a iska, ta ishi mai gudu ya ci mita 15 zuwa 20. Wadda aka harbo ƙasa-ƙasa kuwa kafin ka juya ta iso. To wa ke sa mai bugu ya ɗaga ta sama? Matsi. Idan 'yan tsakiyarku sun takura masa, saki igiya, ka bar mutuminka ka je inda za ta faɗo. Idan ya cafe ne yana tsaye yana zaɓe, janye igiya ka manne. Ana yin wannan lissafi sau da dama cikin minti guda, ba a kuma yin shi da baki.

A nan matasa masu gudu ke faɗuwa. Yaro ya san yana da ƙafa, sai ya saki jiki yana kallon ƙwallo, ya manta cewa juyawa ma lokaci take ci. Kafin ya waiwayo, mutuminsa ya ba shi taku biyar. Sauri ya haifi nawa. Akwai wani dattijon ɗan baya a ƙungiyarmu, gwiwoyinsa duka a naɗe da bandeji, gudunsa abin tausayi, amma da wuya ka ga an cafe a kansa. Ƙugun mai bugu yake kallo da yadda ya karkata ƙwallo a hannu, sai ya tashi tun ba a buga ba. Na ji shi yana ce wa wani sabon yaro: "Ƙanena, kai kana gudu bayan an buga, ni ina tafiya kafin a buga. Wa zai riga wani?" A manyan ƙungiyoyi, Aliir Aliir na Port Adelaide, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, da irin wannan karatun ya shiga jerin gwanayen gasar a 2021.

Abu na uku, faɗin fili, wanda ke iya rusa komai. 'Yan baya shida ne ko fili ya yi faɗi ko ya matse. A matsattse igiyoyinsu na haɗuwa, babu kafar da ƙwallo za ta bi. A mai faɗi sai ɓaraka ta buɗe tsakaninsu, abokan hamayya su juya ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan da bugu biyu, masu nauyin ƙafa su kasa isa. West Coast Eagles sun ɗanɗana wannan a 2015. Raunin gwiwa ya ɗauke musu manyan 'yan baya biyu tun farkon kaka, sai koci Adam Simpson ya koma tsaron yanki, aka yi ta kiransa saƙar gizo-gizo. A filinsu na lokacin, Subiaco a Perth, mai tsawon kimanin 175 da faɗin 122, sun doke Hawthorn da ratar maki 32. Bayan mako uku suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a MCG, mai ƙarin faɗin kusan mita 20, Hawthorn ta lallasa su da ratar 46. Ba fili kaɗai ya ci su ba, Hawthorn gwanayen bugu ne, amma faɗin ne ya ba gwanintar wurin aiki.

Mataki na ƙarshe shi ne gyara a kowane hutu. Zango huɗu ake yi, ana sauya gefe bayan kowane, iskar da ta taimake ka ɗazu yanzu a fuskarka take. A wasannin unguwa 'yan kallo kan shigo fili su kewaye ƙungiya su saurari koci, tsofaffi da yara har da karnuka, al'adar da har yau nake jin daɗinta. A nan za ka ga yana zame maganaɗisu. Wanda ya fi kowa gudu a zangon farko ba lallai shi ne a na huɗu ba. Ko a AFL an taƙaita canjin 'yan wasa zuwa 75 tun 2021, gajiya na kama kowa. Sai ya taƙaita igiyar wanda ya fara jan ƙafa, ya mayar da mai sauran numfashi gefe, ya turo wani baya ya zama rara.

Idan ka samu damar kallon wasan, mai karatu, ka ɗan ɗauke ido daga kan ƙwallo. Dubi ɗan bayan da ke can nesa da ita, ka ƙirga takun da ke tsakaninsa da mutuminsa, ka ga yadda suke ƙaruwa suna raguwa. Daga nan za ka san ƙungiyar da aka koya wa aiki, tun kafin allon maki ya gaya maka.