Me Ya Sa Kuka Ke Kaɗe Ganye Da Shigowar Hunturu?

Duk ɗalibin da ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau a watan Disamba zai ga itatuwan kuka tsaye ba ganye ko ɗaya, kamar sun mutu. Haka kuma abin yake a gonakin da ke kewaye da Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu. Ba mutuwa suka yi ba, shiri ne da itacen ya fara tun ƙarshen damina, a can cikin ƙwayoyin halittarsa.

Da zarar ƙasa ta fara bushewa, sai saiwoyi da ganyaye su ƙara samar da wani sinadari mai suna asid absisik. Shi ke sa ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye su rufe, domin kada ruwa ya riƙa fita. A shekarar 1963 aka gano shi, lokacin da Frederick Addicott da abokan aikinsa a Amurka suka tace shi daga 'ya'yan auduga.

Daga nan sai itacen ya kwashe kayansa. Yakan wargaza koren sinadarin nan, wato kulorofil, tare da furotin ɗin ganye, ya janye naitirojin zuwa rassa da gangar jiki. Wannan ne dalilin da ganye ke komawa rawaya. Sannan sinadarin okzin da ganye ke aikawa ya ragu, iskar itilin ta ƙaru, ƙwayoyin da ke gindin ganyen su narkar da bangon da ya haɗa su. Iska kaɗan ta isa ta kaɗe shi, ga kuma tabon ya riga ya toshe.

To, yaya abin yake a ƙasashen ƙanƙara? A can, gajarcewar yini a lokacin kaka ita ce alamar farko. Wani furotin mai suna fitokurom ke auna haske. A 2006 masana a garin Umeå na ƙasar Suwidin suka nuna cewa ƙwayoyin gado biyu, CO da FT, su ke sarrafa lokacin da girman itacen fofula ke tsayawa idan yini ya gajarta. Idan sanyi ya sauko kuma, sai wasu ƙwayoyin gado da ake kira CBF su farka, su sa a tara sikari da furotin masu kare ƙwayar halitta.

Abin lura a nan shi ne, idan ƙanƙara ta daskare a tsakanin ƙwayoyin halitta, tsotse ruwan cikinsu take yi. Ke nan, a wurin itace, sanyi ma ƙishirwa ne. Shi ya sa dangin waɗannan ƙwayoyin gado ke aiki lokacin fari. Sanyinmu ba ya kai ma'aunin 0 da ruwa ke daskarewa, amma makaman yaƙin kusan iri ɗaya ne.

Gawo kuwa ya saɓa wa sauran. Saiwarsa na kai wa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka yakan yi ganye da rani, ya zubar da damina, gero ya sami hasken rana da taki a ƙarƙashinsa.

Malamai na iya sa ɗalibai su zaɓi kuka ɗaya da gawo ɗaya kusa da makaranta, su riƙa rubuta halin ganyensu kowane mako daga Oktoba zuwa Yuni, sannan su kwatanta.