Darasi: Su da Damina, da Yaron da Ke Riƙe Maka Gora

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin masunta da na matasa a Yargalma da sauran garuruwan Anka, Bukkuyum da Gummi. Mutum ɗaya ya karanta a fili, sauran su saurara, a tsaya a tattauna duk inda magana ta taso. In akwai tsohon masunci a garin, a gayyato shi ya zauna a gaba.

Ruwan damina ba na rani ba ne

Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasarmu ya wuce ta Gummi, ya shiga jihar Kebbi, can ya haɗu da gulbin Sakkwato. Gulbin Ka kuma yana bi ta kudu. Da rani yawancin gulbi yashi ne, sai guraben ruwa nan da can inda kifi yake taruwa a matse. Lokacin ne ake su na gayya da koma da gora, irin wanda ya yi suna a Argungu tun 1934. Amma daga watan Yuni ruwa yakan fara zuwa, kafin ƙarshen Agusta gulbi ya cika ya malala fadama. Ruwan ya yi ja, ya yi ƙarfi, kifi ya watsu. Wanda ya iya su na rani kaɗai sai ya wuni a bakin gulbi ya koma gida hannu rabbana.

Kifi yana bin sabon ruwa ne domin ya hayayyafa. Tarwaɗa takan hau fadama da dare bayan ruwa mai yawa, ta zuba ƙwai cikin ciyawa. Balli yakan share wuri a cikin ciyawar ruwa ya yi sheƙa mai da'ira, ya tsaya yana gadin 'ya'yansa. Akwai karfasar da uwar ke riƙe ƙwanta a cikin baki har su ƙyanƙyashe. Gaiwa da ta yi watanni a binne cikin busasshen taɓo sai ta fito. Tsage kuwa yana inda ruwa ke gudu, yana farautar ƙananan kifi. Duk wannan tsoffin masunta sun san shi ba tare da littafi ba. Tambayar ita ce, wa suka gaya wa?

Darasi daga masu fatsar gashin tsuntsu

A Ingila da Amurka akwai wata irin fatsa da ake yi a koguna lokacin zafinsu, wanda ya zo daidai da daminarmu. Ba sa soka tana ko fara a ƙugiya. Sukan naɗe ta da zare da gashin tsuntsu, na zakara, har da na zabo, sai ta yi kama da ƙwaro. Mai fatsa ya wurga ta a hankali ta sauka bisa ruwa, kifi ya ɗauka ƙwaro ne ya faɗo, ya taso ya cafke. Dabarar tsohuwa ce: wajen shekara ta 200 wani marubuci na ƙasar Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya.

Sirrin wannan fatsa shi ne sanin wane ƙwaro ne ke fitowa a wane mako, da wane lokaci na rana, da inda kifi ke laɓewa yana jiransa. Baƙo ba ya sanin wannan. Shi ya sa masu zuwa daga nesa suke biyan ɗan jagora kuɗi mai yawa ya raka su, ko da yake sau da yawa suna sakin kifin da suka kama ya koma ruwa. Ɗan jagoran kuma ba a rana ɗaya ya iya ba. Yakan fara ne a ƙarƙashin wani babba, yana tuƙa jirgi, yana ɗaukar kaya, yana kallo.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Wa bai ga yadda kawara ke tasowa saman ruwa ba ranar da shinge ya fita bayan ruwan farko? Mai fatsa da ya san aikinsa, a ranar shinge zai soka, ba tana ba. In ruwa ya yi ja, ya san tarwaɗa da ƙamshi da gashin baki take neman abinci, sai ya sa abu mai wari ya sauke shi ƙasa. Bambancinmu da su ɗaya ne: su sun gane wannan sani dukiya ce, har sun sa masa farashi, mu kuwa muna barin sa ya bi mai shi kabari.

Yadda babba ke koya wa yaro

A da, ba a shirya aji. Yaro yakan bi babansa ko kawunsa, ya riƙe gora, ya kwashe ruwa daga jirgi, ya ɗinke taru. Sarkin ruwa kuma shi ke faɗin gurbin da aka hana da ranar da za a buɗe shi. Yau sarƙar tana tsinkewa. Samari da yawa sun koma haƙar zinariya, rashin tsaro ya hana zuwa bakin gulbi da asuba a wurare da dama, wasu iyalai sun yi ƙaura zuwa cikin gari. Saboda haka abin da a da yake zuwa da kansa, yanzu sai an yi niyya.

Abu na farko da za a koya wa yaro ba kamun kifi ba ne, fita daga ruwa da rai ne. Ya iya iyo a ruwa marar zurfi tun da rani. Ya san cewa inda ruwa ya yi lumui yana juyawa akwai rami a ƙasa, kuma gaɓar da ruwa ke ci ta ƙarƙashi tana iya zabtarewa da mutum. Ya san gulbi kan cika farat ɗaya saboda ruwan da aka yi can gabas, ko da nan ba a ga hadari ba. Ya san nauyin da jirgi ke ɗauka, ya kuma iya cewa "Baba, ku yi haƙuri, jirgi ya cika" ga wanda ya haife shi. A watan Satumba na 2024 jirgi ɗauke da manoma ya kife a Gummi, aka rasa rayuka da yawa. Kowane gari na bakin gulbi yana bukatar samari da suka iya ruwa sosai.

Sai kuma haƙurin mai koyarwa. Wasu manya suna kai yaro gulbi shekara uku, amma ba su taɓa barin sa ya jefa birgi ba, don kada ya yaga. Wannan bauta ce, ba koyarwa ba. A bar shi ya jefa, ya kuskure, a tambaye shi: me ya sa ka zaɓi nan? A faɗa masa dalili, ba umarni kawai ba. A ba shi rabonsa na kifi ko na kuɗi a gaban mutane, domin yaron da ba ya ganin amfanin su zai tafi inda ake biyan sa.

A koya masa abin da ba a yi. Gidan sauro ba taru ba ne: yana kwashe 'ya'yan kifi, kuma yaran gida su kwana sauro na cizon su. Zuba Gamalin 20 ko maganin ƙwari a gurbi yana kashe babba da ƙarami, mai cin kifin ma bai tsira ba. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya. Balli da aka samu a kan sheƙa, a ƙyale shi.

Maganar dalma

Mutanen Yargalma, Dareta, Abare da Bagega ba sa bukatar a gaya musu illar dalma. A 2010 gubarta, daga niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400. Amma mutane kaɗan ne ke tuna cewa nauyin da ke bakin birgi da na zaren fatsa sau da yawa dalma ce. Kada a narka ta a tsakar gida ko a tukunyar abinci. Kada yaro ya matse ta da haƙori. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Kududdufin da aka wanke dutsen zinariya a cikinsa, kada a yi su a ciki.

Ku tattauna

Ku lissafa masuntan garinku da suka haura shekara sittin. Su nawa ne ke da yaron da ke bin su gulbi a wannan damina? Ku roƙi ɗaya daga cikinsu ya faɗi sunayen guraben da ke kusa da ku, da wanda ke da haɗari, wani ya rubuta a littafin ƙungiya. Akwai marayu ko 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira zuwa garinku da ba su da kawun da zai kai su ruwa? Wa zai ɗauki ɗaya kafin ruwa ya janye a watan Oktoba?