Yaya Ake Sanin Nisan Gungun Taurari?

Wani mai sauraronmu daga Kudan yana tambaya: masana ba su taɓa zuwa can ba, yaya suke faɗin nisan gungun taurari?

To Malam, ka tuna fitilar da kake hangowa da daddare a hanyar Makarfi. Cocilan ce a kusa, ko babur ne daga nesa? Idan hazo ya sauka, abin ya ƙara rikicewa. Masana ma haka suke fama. A shekarun 1920 Edwin Hubble ya ce hasken gungun Andromeda kan yi tafiyar shekara kusan 900,000 kafin ya iso mu. Yau an san shekara miliyan biyu da rabi ne.

Gungun da yake nesa, haskensa kan karkata zuwa ja, kuma da wannan karkatar masana ke kimanta nisansa. Cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chile za ta ɗauki hoton biliyoyin gungu ta matatar launi shida, kuma ba za a iya auna kowanne dalla-dalla ba. Sai a auna kaɗan da kyau, a gwada sauran da su. Kowane gungu akan rubuta masa tazara, daga kaza zuwa kaza, da inda zato ya fi ƙarfi. Ni wannan gaskiyar ta masana ce take burge ni.