Yadda Nake Rubutu a Wajen Wa'azi

Wata rana na kawo wa abokina wata magana, na ce masa hadisi ce. Da ya tambaye ni wanda ya ruwaito, sai na duba littafina, ashe sharhin malam ne na cakuɗa da hadisin. Wato na jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba. Tun daga ranar na sake tsari.

Yanzu nakan raba shafi gida uku. Gida na farko na nassi ne: sunan sura, lambar aya, da littafin da hadisi ya fito, kamar Buhari ko Muslim. Larabcin kuwa sai na koma ɗaki nake kwafo shi daga littafin. Na biyu, bayanin malam a taƙaice. Na uku, abin da ya shige mini duhu, da hali ɗaya da zan gyara a makon.

Ɗan'uwa ɗalibi, kada ka ce sai ka rubuta kowace kalma, domin kana rubutu ma'ana na wuce ka. Ka yi bita a daren, tun muryar malam na kunnenka.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.