Lambar Nan Shida Ba A Ba Wa Kowa

Makon jiya aka kira ni wani kamfanin atamfa da shadda kusa da Kasuwar Kurmi. Na tarar da Alhaji mai kamfanin ya rafka tagumi, akawunsa na rakuɓe a gefe, ido ya yi ja.

Wani ne ya bugo wa akawun waya, da sallama da ladabi, har ya ambaci sunan Alhaji. Ya ce za a yi taron 'yan kasuwa ta intanet, yanzu lamba shida za ta shigo, a karanto masa domin rajista. Akawu ya karanta. Ashe lambar shiga WhatsApp ɗinsa ce. Kafin la'asar ɓarawon ya faɗa zauren dillalan Katsina da Zariya da sunan akawun, ya ce asusun kamfani ya samu tangarɗa, ga sabo. Mutanen da suka shekara suna ciniki da wannan layin suka tura kuɗin kaya. Ko mutum ɗaya bai ɗaga waya ya tambaya ba. Shi kuma akawu tsoron faɗa ya sa ya yi shiru har washegari, lokacin an riga an kwashe kuɗin.

Abin da ya ƙona min rai, kamfanin nan ya zuba kuɗi a kyamarori. Amma wanda ya haɗa musu kwamfutoci, wai shi injiniya, kalmar sirri ɗaya ya sa wa kowa, aka rubuta ta a jikin kalanda. Tabbatarwa mai mataki biyu kuwa ko a waya ɗaya bai kunna ba. Haba! Irin waɗannan 'yan dagajin ne ke jefa jama'a cikin asara.

Kada a ce ƙauyanci ne. A watan Yulin 2020, ta waya aka yaudari ma'aikatan Twitter, har aka ƙwace shafin Barack Obama.

Lambar da ta shigo wayarka taka ce kai kaɗai. Banki ba ya tambayarta, ba ya tambayar lambar sirrin katinka. In an ce asusu ya canza, kira mutumin ka ji muryarsa. Yaron da ya bar aiki a rufe hanyar shigarsa a ranar. Na sake faɗa, lambar nan shida ba a karanta wa kowa, ko da sunan maigida aka zo.

Ku kuma iyayen gida, ku zaunar da yaranku ku koya musu, ku daina yi wa wanda ya kawo rahoton kuskure tsawa. In irin wannan ta faru, don Allah a sanar da banki a take.