Na'urar Awon Lafiya a Jiki: Amana a Hannun Iyali

Gabatarwa

Mai ciwon sukari ya saba da huda yatsa sau da yawa a yini domin ya san awon jininsa. A shekarar 2014 kamfanin Abbott ya fito da FreeStyle Libre a Turai, wata 'yar na'ura mai kama da kwabo wadda ake mannawa a bayan dantse. Siririn zarenta yakan shiga ƙarƙashin fata, yana auna sukari dare da rana har kwana 14. Sababbin samfuranta suna aika awon zuwa waya, har ɗa da ke Legas yana iya ganin awon mahaifinsa da ke Jos. Wannan alheri ne, amma yana tafe da hakki.

1. Awon na mai jiki ne

Sirrin lafiyar mutum nasa ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman. Abin da doka ta nema daga kamfani, ƙauna tana nemansa daga iyali. Kada a haɗa na'urar Baba da wayar kowa sai da yardarsa. Idan awon ya hau, a tambaye shi cikin ladabi, kada a tsare shi da bincike a kan lomar tuwon da ya ci. Dattijon da aka mayar yaro yakan cire na'urar a ɓoye, daga nan kuwa haɗarin ya ƙaru. Girmama iyaye, wanda Fitowa 20:12 ta umarta, bai ƙare ba don sun kamu da ciwo.

2. Na'ura ba likita ba ce

Ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, saboda haka awonta yakan ɗan makara a bayan na jini. Idan jiki yana rawa, gumi yana karyowa, alhali na'ura ta ce lafiya lau, sai a huda yatsa a tabbatar. A 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke da'awar auna sukari ba tare da huda fata ba. Kada kowa ya rage ko ya ƙara insulin a kan maganar irin wannan agogo.

3. A tuna da marar hali

Sauya na'ura kowane mako biyu kuɗi ne mai yawa. Kuskure ne iyali su saye ta, sa'an nan kuɗin magani ya gagara. Magani da abinci su ne gaba. Ikkilisiya kuma ta lura da gwauruwar da ko awon asibiti ba ta iya biya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wa ya kamata ya ga awon marar lafiya a gidanku?
2. Ta yaya za a tunashe shi ba tare da an kunyata shi ba?
3. Me zumuntar mata da ta maza za su yi wa masu doguwar jinya?