Kafin Tsohuwar Laftof Ɗinka Ta Kwanta

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, na hannu ne. Sun sha aiki a ƙasashen waje kafin su iso kasuwannin Kano. Sayensu ba laifi ba ne, amma a san inda suke fara gazawa.

Zafi ne babban mai kashe su. Ƙurar hunturu tana bi ta ramukan iska, ta taru a jikin fanka kamar auduga. Bazara na kamawa sai ka ji na'ura tana huci, can ta ɗauke da kanta ana tsakiyar aiki. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma. Duk shekara, da hunturu ya wuce, a kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya sabunta man da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta.

Ma'ajiyar bayanai ta tsohon samfuri faifai ne mai juyawa, girgiza tana lalata shi. Mai hawa babur zuwa Kwanar Dangora ya kashe laftof ɗin gaba ɗaya, rufe murfi bai isa ba. In ka fara jin ƙas-ƙas daga ciki, kwashe aikinka a ranar, ka sa ma'ajiya ta sabon samfuri, wato SSD.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai a cire shi nan take, yana iya kamawa da wuta. A guji caja ta jabu.

Ɗalibai, don Allah ku ajiye kwafin aikinku a filashi da kuma imel, tun laftof ɗin tana kunnuwa.